A gwada ciyawar Rhodes a gonakin da kanwa ta cinye

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke damun mu manoman rani, wanda ban cika ganin ana tattauna shi a shafinku na noma ba. Duk wanda ya daɗe yana ban ruwa ya san farin ɓawon nan da ke fitowa a kan ƙasa idan rana ta buɗe. Ruwa ya ƙafe ya bar gishiri da kanwa a sama, shekara bayan shekara, musamman inda magudanar ruwa ta toshe. Alkama ta fara tsumburewa, tumatir ya ƙone tun yana ƙarami, daga ƙarshe mai gona ya haƙura ya bar wurin ya koma fako. Ni kaina na yi asarar kusurwar gonata ta gabas ta haka.

Abin da ya dawo mini da wurin ciyawa ce da ake kira Rhodes, masana kuma su ce Chloris gayana. Sunan Bature Cecil Rhodes aka laƙaba mata a Afirka ta Kudu, amma asalinta ta nahiyarmu ce. Daga nan aka kai ta Ostareliya, inda ta zama babban abincin shanu a jihar Queensland. A nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana nomanta. Wato ba baƙuwa ba ce, labarinta ne bai iso ga ƙaramin manomi ba.

Hikimar da Allah ya yi mata ita ce ganyenta na da wasu ƙananan ƙofofi da ke fitar da gishirin da ta zuƙa, shi ya sa take rayuwa a inda masara ba za ta kai labari ba. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai. Tana kuma yaɗo, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, har ta rufe wuri ruf. Wannan rufewar ita ce abin da na fi so a gare ta, domin ƙasar da ke cikin inuwa ba ta saurin ƙafewa, gishiri kuma ba ya samun hanyar hawowa sama kamar da.

Wurin shuka ne mutane ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi a karon farko. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ba nauyi, iska ma tana kwashe shi. Na binne shi kamar dawa, ko kashi ɗaya cikin goma bai fito ba. Daga baya na gane ana gyara ƙasa ne ta yi laushi, a gauraya irin da yashi, a yafa, sannan a bi a danne shi sama-sama. Kilo kaɗan ya ishi hekta guda. A bari kuma sai damina ta zauna, ruwan sama ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi, saboda jaririn tsiro ba shi da juriyar babba. Kada a saki dabba a kai sai ta kafu.

Yanka kuwa a yi shi da zarar ta fara fitar da kai. Idan aka bari ta tsufa sai ta zama kara, amfaninta ya ragu, tumaki su riƙa tsinta suna bari. A shanya a inuwa, a ɗaure dami, a ajiye kamar harawa. Bayan kowane yanka tana son taki, na gargajiya ko yuriya. Ragunan da na turke bara da ita da dusa na riƙe su har Babbar Salla.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Ba ta son ruwa ya kwanta mata tsawon lokaci, don haka wanda bai gyara magudana ba kada ya ɗora mata laifi. Bayan ƴan shekaru takan yi rauni, sai an sake shukawa. Tana kuma da shan ruwa idan aka ce da rani za a yi ta ban ruwa, abin da ya sa gwamnatin Abu Dhabi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta janye tallafin nomanta a 2010 don ceton ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shawarata a dogara da damina.

Babbar matsalar ita ce iri. Na zagaya kasuwanni uku ban samu ba, sai ta hannun wani ɗalibin aikin gona. Malam Edita, ka tura wakilinka Shika ya tambayo mana inda ake sayar da irin da kuɗinsa, ku buga mana kafin ruwan farko ya sauka, domin masu gona irin tawa a ƙauyenmu kaɗai sun fi goma.

Wassalam.
Naku, wani manomin rani daga Jihar Jigawa