Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Yadda Gwamnati Ke Juya Akalar Labarai Ba Tare Da Ta Rufe Tasha Ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mu yi magana kan yadda masu mulki ke juya akalar abin da talaka ke ji a rediyo da talabijin a Nijeriya.

Duk ranar da gwamna ya ce a garƙame wata tasha, ƙasa kan ɗauki zafi na kwana biyu. An ga haka a Zamfara a watan Oktoban 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, har da NTA Gusau da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. An sake gani a Minna a 2025, da gwamnan Neja ya ce a rufe Badeggi FM. Irin wannan a fili yake, kuma doka ba ta bayan gwamnonin, domin ba gwamna ke ba da lasisin watsa shirye-shirye ba, balle ya ƙwace. Abin da ya fi yi wa labarai illa shi ne wanda ake yi cikin ruwan sanyi, tasha na kan iska, mai sauraro bai san an taɓa komai ba.

Mu fara da lasisi. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma a cikin sashen nan aka ce ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai wanda shugaban ƙasa ya amince masa. Hukumar NBC da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, an kafa ta ne da dokar soja mai lamba 38 ta 1992, kuma shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninta. Lasisin shekara biyar yake yi, sai a sabunta. Ke nan mai tasha ya san duk bayan shekara biyar zai koma gaban mutanen da wanda yake suka ya naɗa.

Ga kuma tara. A 2020 an ci Channels da AIT da Arise tarar naira miliyan uku-uku kan rahotannin zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda. A watan Agustan 2022 an ci Trust TV tarar miliyan biyar kan shirin da ta yi game da 'yan bindigar Arewa maso Yamma, wato dai an hukunta tasha don ta nuna wa mutane masifar da suke kwana suna tashi a cikinta. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Hukuncin ya yi daidai. Sai dai mai tasha ba ya jiran kotu. Da takardar gargaɗi ta iso ofishinsa zai kira shugaban sashen labarai ya ce a sassauta, daga nan baƙon da ya saba faɗin gaskiya ba za a ƙara gayyatarsa ba, kuma ba wanda zai rubuta dalili. Haka batun bashi. A 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashin kuɗin sabuntawa da ya haura naira biliyan biyu da rabi, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Biyan bashi wajibi ne, amma tashar da ake bi bashi ba ta iya ɗaga murya.

Tashoshin jihohi kuwa, tsarinsu ne ya sa su zama bakin gwamnati. Gwamna ke naɗa manajan darakta, shi ke sauke shi ta takarda ɗaya. Albashi da kuɗin man janareta duk ta Ma'aikatar Yaɗa Labarai suke biyowa. Saurari labaran yamma na kowace tashar jiha: gwamna a farko, sai uwargidansa, sai mataimaki, sai kwamishinoni. Idan ɗan adawa ya aiko da sanarwa, ba ta zuwa teburin edita, sashen kasuwanci ake tura ta, a ce labarin kuɗi ne, a yanka masa farashi. Ko ya biya, wani lokaci sai a ce fili ya cika. Alhali a 2022 sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta wancan lokacin ya hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara, har ya tanadi tarar naira miliyan biyu a karon farko da miliyan biyar idan an maimaita. Kuɗin harajin ɗan adawa ma yana cikin abin da ake sayen man da ke kunna tashar.

Inda abin ya fi zurfi shi ne tashoshi masu zaman kansu, waɗanda jama'a suka fi yarda da su. Tasha tana cin wuta dare da rana: na'urar watsa shiri, na'urorin sanyaya ɗaki, ɗakunan ɗaukar murya. Ga tsadar man dizal, ga ƙarin kuɗin lantarki da aka yi wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a 2024. A yawancin jihohin Arewa kuma kamfanoni masu ba da talla ba su da yawa, babban mai talla shi ne gwamnatin jiha. Sai a ƙulla yarjejeniya ta wata-wata: tasha ta riƙa ɗaukar ayyukan gwamna, gwamnati ta riƙa biya. Dabarar tana wajen biyan. Ba a biya a kan kari, sai a bar bashin ya taru watanni, tasha ta kasa biyan albashi, manaja ya yi ta zarya a ofishin kwamishina. Ranar da wani shiri ya taɓo batun kwangila, ba sai an yi barazana ba, fayil ɗin biyan kawai zai tsaya a tebur. Wakilin da ke fadar gwamnati shi ma yana da alawus na wata da kujerar Hajji idan rabo ya rantse, ga kuɗin mota bayan kowane taron manema labarai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu ma 'yan jarida ba a wanke muke ba. Tashoshi da dama suna sayar da fili ga sojojin baka su shiga su ci mutuncin mutane kai tsaye, ba mai tacewa. Wannan ce hujjar da gwamnatin Kano ta kafa a 2025 da ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye. Ƙorafin yana da ƙanshin gaskiya, amma maganin bai dace ba. Akwai na'urar da ke jinkirta murya na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta hau iska, mai kula da shiri ya datse zagi. Akwai haƙƙin mayar da martani. Akwai kotu ga wanda aka ɓata wa suna. Kuma ya kamata duk filin da aka saya a faɗi wanda ya biya a farkon shirin da ƙarshensa, domin mai sauraro ya san talla yake ji ba labari ba.

Ga abin da ƙungiyoyin farar hula da ɗaliban sashen aikin jarida na jami'o'inmu za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A zaɓi tashar jiha ɗaya da mai zaman kanta ɗaya. A naɗi babban labaransu na yamma kwana talatin a jere da wayar hannu. A kowane labari a rubuta rana, da wanda aka yi labarin a kansa, da matsayinsa a jerin labarai, da daƙiƙoƙin da ya ci, da ko an sa muryar mutumin ko karanta masa aka yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa aikin gwamnati da na jam'iyya wuri guda, sai tasha ta kare kanta da cewa buɗe asibiti ba kamfen ba ne. A raba su gida biyu tun farko. Kada a tsallake rana ko ɗaya, kuma a ajiye muryoyin, saboda su ne hujja idan aka kai ƙorafi NBC.

Sai batun kuɗin talla. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati, kuma dole a ba da amsa cikin kwana bakwai. A rubuta wa babban sakataren Ma'aikatar Yaɗa Labarai, a nemi sunayen tashoshin da aka ba talla a shekara guda, da adadin da aka amince, da wanda aka biya, da wanda ya rage. Kada a rubuta tambaya mai faɗi irin ta “nawa kuka kashe kan yaɗa labarai”, za a amsa da jimla ɗaya a wuce. A tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafin da za a riƙe, domin idan babu shi ba abin da za a nuna wa alƙali. Idan aka yi shiru, doka ta ba da kwana talatin a garzaya kotu.

Ga 'yan majalisa kuma, gyara biyu muke nema: a sa naɗin shugabannin NBC ya bi ta tantancewar Majalisar Dattawa, a kuma ba shugabannin tashoshin jihohi wa'adi tabbatacce wanda gwamna shi kaɗai ba zai iya katsewa ba. Muna fata idan ɗalibai suka kawo sakamakon ƙidayarsu, Malam Edita zai ba su shafi ya buga alƙaluman yadda suke.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan watsa labarai, Kaduna.