Wasiƙa zuwa ga Bashir: kiɗan inji a Kakuri

Kaduna.

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jamus? Mu nan sai godiya. Damina ta yi nisa, hanyar unguwarmu ta koma yadda ka san ta. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ko Turawa sun mantar da kai dambunta ne.

Ka san har yanzu ina nan kan sana'ata ta haɗa sauti, yau gidan biki, gobe wa'azi, jibi taron siyasa. To kwanakin baya wasu samari suka neme ni aiki a wani tsohon sito can wajen Kakuri. Sun kama hayarsa, sun mai da ɗakin ƙasa da ake jibge kaya a da gidan rawar dare. Ba allo a ƙofa, ba talla a rediyo, sai ranar ta zo a tura wa mutane kwatance ta WhatsApp. Kiɗan da suke sawa kuwa tekno ne, wanda ka ce ya hana ka barci farkon saukarka Berlin.

Ban taɓa aiki irinsa ba. A gidan biki murya ake so ta fito tar, a ji kirarin amarya da sunan wanda ya yi liƙi. Waɗannan ba ruwansu da murya. Cewa suka yi in jera manyan wufa a ƙasa, wato lasifikan da ke fitar da kakkauran sauti, in rage ƙananan lasifika. Da muka kunna gwaji, ƙofar ƙarfe ta hau karkarwa, bututan da ke manne da silin suna zubo mana ƙurar shekaru a ka. Sai da muka bi su muka ɗaɗɗaure da waya, muka jingina tsofaffin katifu a bango saboda amsa-kuwwa. Janareta biyu suka tanada, domin a wurinsu zunubi ne kiɗa ya yanke. Mai sa kiɗan ba ya tsayawa tsakanin faifai da faifai, sai ya saƙa wannan cikin wancan har asuba. Babu baiti, babu amshi. Ganga guda ce take dukan ƙirjinka, wajen bugu 130 a minti, can a ɗora wani siririn sauti a kai, can a zare shi, kai kuma ba ka san sa'ad da ƙafarka ta fara bi ba. Kar ka gaya wa Hajiya.

DJ ɗin yaro ne ɗan Barnawa, bakinsa ba ya shiru. Muna naɗe wayoyi yake ba ni tarihi, wai kar in ɗauka kiɗan Turawa ne. A Detroit ta Amurka aka haife shi cikin shekarun 1980, a hannun wasu baƙaƙen fata uku abokan juna tun makaranta, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, da injinan ganga na kamfanin Roland irin su TR-808 da TR-909. Detroit garin ƙera motoci ne, a lokacin kuma masana'antunta na sallamar ma'aikata. Daga nan ya tsallaka garinku bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, ya tarar da gine-gine fayau ba mai su. Gidan rawa na Tresor a ma'ajiyar kuɗin wani tsohon kanti aka fara buɗe shi a 1991, a ƙarƙashin ƙasa. Gidan rawa na Berghain kuwa, na 2004, tsohuwar tashar wutar lantarki ce. Har ya ce a 2024 Jamus ta sa teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado. Kai da kake can sai ka ba ni labari.

Yana magana ni kuwa Kakurinmu nake gani. Tun 1957 aka kafa masaƙa ta farko a nan, Fijo ta biyo baya a 1975 tana haɗa 504. Ka tuna jiniyar canjin aiki, da kekunan da ke cika titi har ba wurin taka ƙafa? Ka tuna ran da muka kai wa Baba abinci, aka bar mu muka leƙa zauren injinan saƙa, muka fito kunnuwanmu na ƙugi? Wallahi Bashir, sautin nan da nake haɗa musu sak ƙarar zauren ce. Iyaye an biya su albashi su jure ta, 'ya'ya kuma suna biyan kuɗin ƙofa su ji ta, a ginin da ya kamata a ce aiki ya kawo su. Abin ya tsaya mini a rai, kuma bai sake ni ba.

Sai dai na ga abin da na daɗe ban gani ba. Tun rikicin shekarar 2000 ka san yadda kogi ya raba garin nan, kowa ya koma ɓangarensa. A ɗakin nan na ga 'yan Unguwan Rimi da Tudun Wada sun haye gada, suna kafaɗa da kafaɗa da 'yan Narayi da Sabon Tasha, ba mai tambayar sunan wani. To ko ya tambaya ma, wa zai ji shi? A bakin ƙofa ana manna wa kyamarar waya sitika, wai haka ake yi a Berlin. Na nan dai na san dalilinsu, tsoro suke Alhaji ya gan su a TikTok.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne ƙofar fita guda ɗaya ce tal, matakalar kuma ƙunci gare ta, ga janareta dab da tagar da iska ke shiga. Na kuma ga idanun da na san ba kiɗa kaɗai ya juya su ba. Na faɗa wa masu wurin ƙiri-ƙiri, in ba su fasa bango sun yi ƙofa ta biyu ba, suka kuma matsar da injin nesa, kayana ba za su sake kwana a ciki ba. Sun ce wata mai zuwa. Za mu gani.

Don Allah ka tambayar mini kuɗin miksa ta hannu a wajenku, wato na'urar haɗa sauti, mai layi huɗu, ko da ta ɗan sha jiki in dai maɓallanta lafiya suke. In wani zai taho gida kafin Sallah sai ka haɗo shi da ita, kuɗin in ba ƙaninka. Ka gaishe da Maman Ihsan da yaran.

Naka,
Nura