Wasiƙa Zuwa Ga Malam Habibu Kan Gadon Gonaki Da Bayi A Bajiniya

Aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka, kuma sanyin can bai takura muku ba. Saƙonka ya iso. Tambayar da ɗalibinka ya yi maka tana da nauyi: in har George Washington, shugaban Amurka na farko, ya yi wasiyya a 'yanta bayinsa, me ya sa sama da rabin bayin da ke gonarsa suka ci gaba da zama cikin bauta bayan rasuwarsa? Amsar tana cikin dokar gado ta yankin Bajiniya da ke Amurka tun zamanin mulkin Ingila, don haka daga nan zan faro.

A wurin manoman taba na Bajiniya, gona ba ta da daraja sai da masu noma ta. Taba tana cinye ƙarfin ƙasa cikin shekara uku ko huɗu, sai a bar filin a sare sabon daji. Ƙasa tana da yawa, hannu ne ke da tsada. Wanda ya gaji eka dubu babu bayi, daji ya gada. Shi ya sa masu tsara doka, waɗanda su kansu manyan manoman ne, suka yi ta neman yadda za a haɗa gona da mutanen cikinta su tafi tare daga uba zuwa ɗa.

Tubalin farko shi ne dokar 1662, wadda ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. A Ingila ɗa ubansa yake bi, amma a nan aka juya. Ƙarar Elizabeth Key, wadda ta samu 'yanci a 1656 bisa hujjoji da suka haɗa da cewa ubanta Bature ne mai 'yanci, ta nuna musu ƙofar da suke son rufewa. Daga 1662 duk abin da baiwa ta haifa na mai ita ne, ko da shi ne uban. Riƙe wannan da kyau, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake tafiya: wanda ya gaji mace ya gaji zuriyarta har illa masha Allah.

A 1705 majalisar yankin ta ce a wajen gado a ɗauki bayi a matsayin ƙasa, ba kamar dabbobi da kayan ɗaki ba. Bambancin babba ne. Idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, ƙasa gaba ɗaya ta babban ɗa namiji ce, kayan hannu kuwa rabawa ake yi. Sai bayi suka bi babban ɗa tare da gonar, amma da sharaɗin a ƙiyasta kuɗinsu, shi kuma ya biya ƙannensa rabonsu da kuɗi. To ina zai samu kuɗin? Manomin taba ba ya ajiye tsaba, dukiyarsa tana cikin gangunan taba da ke kan teku da kuma littafin wani ɗan kasuwa a Landan. Sau da yawa sai ya ci bashi, ko ya sayar da wasu daga cikin mutanen da dokar ta ce a riƙe su tare da gonar. A 1727 aka ƙara wani ƙulli: mai gona na iya ɗaure ƙasarsa da bayinta a kan zuriyarsa, magaji ya ci amfani amma ba shi da ikon sayarwa. Kwance irin wannan ƙulli a babbar gona sai da doka ta musamman daga majalisa. Duk da haka masu bin bashi suna iya kama bayi. A 1732 majalisar Ingila ta ƙara tabbatar wa 'yan kasuwarta cewa ƙasa da bayi a yankunan mulkinta duk ana iya sayar da su don biyan bashi. Ka ga mutum guda ya zama ƙasa ranar rabon gado, ya zama kuɗi ranar biyan bashi.

Ga yadda abin ke gudana idan mai gona ya rasu. Kotun gunduma tana tabbatar da wasiyya, ko ta naɗa mai kula da dukiyar. Sai ta zaɓi maƙwabta uku ko huɗu, su ma masu bayi, su rantse, su zagaya gona suna rubuta komai da farashinsa: gadaje, tukwane, fartanya, shanu, dawaki, mutane. Ana rubuta bawa da sunansa guda, wani lokaci da shekaru ko sana'a. Maƙeri da kafinta suna sama, tsoho da maras lafiya a ƙasa, wani ma a rubuta cewa ba shi da ƙima. Jariri yawanci a layi ɗaya da uwarsa yake. Bayan an cire bashi da rabon matar mamaci, sai a kasa sauran kashi-kashi daidai da yawan magada, a daidaita jimlar kowane kashi, a rubuta a takarda, a yi ƙuri'a. In wani kashi ya ɗara wani da fam goma, wanda ya samu ya cika wa ɗan'uwansa. Abin da ake daidaitawa shi ne jimlar kuɗi. Idan kashi ya gaza fam talatin, yarinya 'yar shekara tara ce za a ciro daga ɗakin uwarta a cike gurbin. Kuma tun da doka ba ta san da auren bayi ba, babu abin da ya hana miji ya faɗa kashi na ɗaya, matarsa na uku. Shi ya sa labarin ciwon maigida yake tayar da hankalin bukkokin bayi fiye da na cikin gida.

Yanzu rabon matar mamaci, wanda a nan amsar ɗalibinka take. A wurinmu mace tana samun tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma nata ne halak malak. A Bajiniya sulusi ne na ƙasa da bayi, amma na cin amfani ne iya rayuwarta. Ba ta da ikon sayar da su, ko 'yanta su, ko fitar da su daga yankin ba da yardar magada ba. Ranar da ta mutu su koma hannun zuriyar mijinta na fari. In ta sake aure, sabon mijin ne ke juya su, shi ma iya rayuwarta.

Daniel Parke Custis ya rasu a 1757 bai bar wasiyya ba. Ya bar eka sama da 17,000, da bayi kusan 300, da matarsa Martha, da yara biyu ƙanana. Martha ta samu sulusinta, bayi fiye da 80. A Janairun 1759 ta auri Washington, aka kwashi da yawa daga cikinsu zuwa gonarsa ta Mount Vernon. Shekara arba'in suna zaune tare da bayin Washington, aiki ɗaya, abinci ɗaya, suna auratayya suna haihuwa. Amma a littafi asusu biyu ne, kuma kowane jariri asusun uwarsa yake shiga. A lissafin da Washington ya yi a 1799 akwai bayi 317 a gonar: 123 nasa, 153 na gadon Custis, sauran kuwa haya ya ɗauko. Waɗancan 80 da wani abu sun kusa ninkawa, ba ta hanyar saye ba, ta haihuwa.

Dokar 1782 ta ba mai bawa damar 'yantawa ba tare da neman izinin hukuma ba, muddin zai ɗauki nauyin tsofaffi da ƙananan yara. Da ita Washington ya yi wasiyyarsa, ya ce a 'yanta nasa bayan rasuwar Martha. Shi da kansa ya rubuta cewa auratayyar da ke tsakaninsu da bayin gadon Custis ce ta sa 'yantawa nan take za ta haifar da raɗaɗi. William Lee kaɗai ya samu 'yanci nan take, da dala 30 a shekara. Washington ya rasu ranar 14 ga Disamba 1799. Sai wasiyyar ta jefa Martha cikin wani hali da marubucinta bai hango ba: mutum fiye da ɗari a gidanta sun san cewa numfashinta ne kaɗai ya rage tsakaninsu da 'yanci. Ba ta jira ba, ta sa hannu, suka 'yantu ranar 1 ga Janairu 1801. Da ta rasu a 1802, aka raba bayin gadon Custis tsakanin jikokinta huɗu.

Duba gida ɗaya ka ga abin da wannan ke nufi. Isaac shugaban kafintoci ne, na Washington ne, ya 'yantu. Matarsa Kitty, mai aikin madara, ta gadon Custis ce, saboda haka 'ya'yansu mata tara da jikokin da suka haifa duk na Custis ne. Uba ya zama 'yantacce, iyalinsa kuwa aka rarraba su gidajen magada.

Kada ɗalibinka ya ɗauka cewa doka ta ɗaure wa Washington hannu ne kawai. Ya yi aiki da ita sosai. Lokacin da yake shugaban ƙasa a birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania, dokar Pennsylvania ta 1780 tana 'yanta bawan da ya zauna wata shida a jere a jihar. Sai ya riƙa fitar da bayin gidansa kafin wa'adin ya cika, a dawo da su lissafi ya sake farawa, kuma ya rubuta wa sakatarensa cewa in na Custis suka kuɓuce, shi zai biya magada. Ona Judge, mai yi wa Martha hidima, ta gudu a 1796 da ta ji za a ba da ita ga jikar Martha da ta yi aure. Ta isa New Hampshire, ya aika a dawo da ita, ta ƙi, ta mutu a can a 1848 tana baiwar Custis a idon doka. Wasu daga zuriyar waɗanda aka raba a 1802 sun ƙare a gonar Arlington, hannun jikan Martha, George Washington Parke Custis. Ya rasu a 1857, ya ce a 'yanta su cikin shekara biyar, surukinsa Robert E. Lee ya riƙe su yana biyan bashin gidan da guminsu har ƙarshen 1862.

Gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, kuwa bashi ne ya ci shi, kuma kuskuren a wurin rabo aka yi shi. Surukinsa John Wayles ya rasu a 1773. Ta hannun matarsa, Jefferson ya samu eka kusan 11,000 da bayi 135, amma akwai bashi mai nauyi na 'yan kasuwar Bristol a kan dukiyar. Ƙa'ida ita ce a biya bashi tukuna a raba saura. Mazajen 'ya'yan Wayles suka raba tun kafin su biya, sai bashin ya tashi daga kan dukiyar mamaci ya hau wuyansu. Jefferson ya sayar da filaye don ya biya, masu saye suka ba shi takardun alkawari, yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, suka biya shi da kuɗin takarda da darajarsu ta zube. Yarjejeniyar sulhu ta 1783 kuma ta ce a biya 'yan kasuwar Ingila da kuɗi mai daraja. Filin ya tafi, bashin na nan, ruwa na hawa. Haɗa da hannunsa da ba ya riƙe kuɗi, ya rasu a 1826 da bashin sama da dala 100,000. Mutum biyar ya 'yanta a wasiyya. A Janairun 1827 aka yi gwanjo a gonarsa ta Monticello, aka sa mutum 130 a kasuwa. Joseph Fossett maƙeri yana cikin biyar ɗin, matarsa Edith da 'ya'yansu kuwa aka sayar. Ɗansa Peter yana ɗan shekara 11 a lokacin, bai fita daga bauta ba sai 1850.

Abin da ya fi ci mini rai a gadon Wayles shi ne iyalan Hemings. Masana tarihi sun yarda cewa Wayles ne uban 'ya'ya shida da baiwarsa Elizabeth Hemings ta haifa. Wato matar Jefferson ta gaji ƙannenta uba ɗaya a cikin jerin dukiya. Ɗalibanka za su ga bambanci da abin da suka karanta a fiƙihu, inda ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke mai gado, ita ma ba a sayar da ita, kuma tana 'yantuwa da mutuwarsa. Bambancin gaskiya ne, ka faɗa musu. Amma kar ka bari su yi amfani da shi su wanke ƙasarmu. Rinji ma gadonsa ake yi, cucanawa a bauta aka haife su, kuma gandayen sarakuna da attajirai sun wuce daga hannu zuwa hannu da mutanen cikinsu, har Turawa suka ce wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, bautar kanta kuma ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Jefferson yana alfahari da cewa shi ya jagoranci soke ɗaure gado a 1776, da soke fifikon babban ɗa a dokar 1785. Ga 'ya'yan masu gona wannan adalci ne, ƙane ya samu daidai da wa, mace ta samu daidai da namiji. A 1792 kuma aka mayar da bayi kayan hannu. Ga bayi sakamakon ya zo a juye. Gonar da a da take wucewa dunƙule, mutanenta suna zaune wuri ɗaya tsara bayan tsara, yanzu kowace mutuwa tana kawo rabo, kowane magaji yana da ikon sayarwa. Ba a daɗe ba gonakin auduga suka buɗe a kudu, Amurka ta hana shigo da bayi daga waje a 1808, farashi ya tashi, magajin da ƙasarsa ta gaji ya gane cewa abin da ya gada mai tsada shi ne mutanen. Dillalan Richmond da Alexandria suka riƙa tura su New Orleans, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙasa cikin sarƙa.

In za ka ba ɗalibai aiki, ka sa su ɗauki takardar ƙiyasin dukiya ɗaya da takardar rabonta, su bi suna guda daga ta farko zuwa ta biyu, su duba kashin da uwar ta faɗa da wanda ɗanta ya faɗa. Su lura cewa sunaye suna maimaituwa, za a samu Betty uku a gona ɗaya, don haka sai an haɗa da shekaru da sunan uwa kafin a ce wannan ce waccan.

Ka gaida Hajiya da yara, ka miƙa gaisuwata ga Malam Babba. Ina jiran jin yadda darasin ya kasance.

Naka amini,
Sani