Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu a Punjab

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin can? Mu nan lafiya ƙalau muke, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na saurari saƙonka. Ka ce abokan ajinka 'yan Punjab ba su da wata hira sai ta Kanada, kuma wani dillalin biza a birnin Jalandhar ya ce zai fitar da kai cikin sauƙi tunda kana da takardar ɗalibi. Ban kira ka ba, domin wannan ba maganar waya ba ce. Ka zauna ka karanta a tsanake.

Ka san tun ba a haife ka ba nake sayo kayan keken hawa da na ɗinki daga birnin Ludhiana da ke jihar Punjab ta Indiya. Punjab ɗin da na fara sani ƙasa ce ta masu zuciyar nema. Tun shekarun 1960 da aka kawo musu ingantaccen irin alkama da takin zamani da rijiyoyin burtsatse, wannan 'yar jihar ta zama rumbun Indiya. Mabiya addinin Sikh, waɗanda su ne mafi rinjaye a can, mutane ne masu riƙo da cin guminsu da ciyar da baƙo. Haka Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469, ya koyar da su, kuma dokar addininsu ta hana taba da kayan maye. Na zauna a ƙasa a babban wurin ibadarsu na Amritsar an zuba mini abinci kyauta tare da dubban mutane, ba wanda ya tambaye ni addinina. Ina gaya maka wannan ne don kada ka ɗauka ragwaye ko marasa tarbiyya ne wannan bala'i ya afka wa.

Abin ya faro ne daga gona. Sun duƙufa kan alkama da shinkafa saboda su gwamnati ke saye da tabbataccen farashi, alhali shinkafa ba amfanin ƙasarsu ba ce, ruwa take sha ba kaɗan ba. Da aka mayar da wutar injinan ban-ruwa kyauta a 1997, sai kowa ya yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya yi nisa. Duk bayan 'yan shekaru sai manomi ya ƙara zurfin rijiyarsa, kuma da bashin dillalin hatsi yake yi. Ga rabon gado yana ta tsinka gonaki. Ga kuma tabon 1984, shekarar da sojoji suka kutsa wurin ibadar Amritsar, aka kashe Firayim Ministar Indiya Indira Gandhi, aka yi wa Sikhawa kusan 3,000 kisan gilla a Delhi, Punjab ta yi shekaru cikin zubar da jini, masu jari suka kauce mata. Sai aka wayi gari da saurayi mai digiri wanda ba aikin ofis, shi kuma yana jin kunyar a gan shi da laka a ƙafa. Gonar ubansa 'yan ci-rani daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh ne ke nomawa, shi yana kan babur yana zaman kashe wando.

A nan hodar da suke kira chitta ta same su. Hodar iblis ce nau'in heroin da ake tsallako da ita ta iyakar Pakistan, iyaka mai tsawon fiye da kilomita 500, yanzu har da ƙananan jirage marasa matuƙi ake jefo ta cikin dare. Binciken da likitocin babban asibitin koyarwa na AIIMS da ke Delhi suka jagoranta a 2015 ya ƙiyasta mutum fiye da 230,000 a jihar sun kamu da ita da danginta, akasarinsu maza masu jini a jika. A Amritsar akwai unguwar Maqboolpura, wadda ake yi wa laƙabi da unguwar zawarawa saboda mazajen da shaye-shaye ya kashe. Yaro kan fara da shaƙa, ya koma allura, ya sayar da babur, ya sace gwal ɗin uwarsa, daga nan sai a tsince shi a kango. Ni kaina na je ta'aziyya gidan wani abokin cinikina da ya rasa ɗansa tilo ta haka. Dattijo ne mai rawani da furfura har ƙirji, yana kuka kamar yaro, yana ce mini da ya sani da ya sayar da shagon ya tura shi waje tun da wuri.

Ka riƙe maganar dattijon nan, domin ita ce abin da abokanka ba za su faɗa maka ba. Iyaye da yawa a can ba kwaɗayin dala kaɗai ke sa su tura 'ya'yansu ba, tsoro ne. Suna ganin gara yaro ya yi nisa da rai da ya mutu a gabansu. Shi ya sa ka ga allunan koyar da jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda masu neman karatu a waje ke yi, sun rufe benayen Jalandhar, ka ga tankunan ruwa masu siffar jirgin sama a kan rufin gidaje, ka ji ana kai jiragen wasan yara wani wurin ibada a ƙauyen Talhan don neman sa'ar biza. Ana sayar da gona, ana jinginar da tarakta. Har aure ake ƙullawa a kai: dangin saurayi su biya kuɗin karatun yarinyar da ta ci jarrabawa, don ta ja shi zuwa can. Ka shiga ƙauyukan da ke kewaye da ku ranar hutu, za ka ga manyan gidaje da kwaɗo a ƙofa, ko tsoho da tsohuwa su kaɗai suna jiran kiran bidiyo. Wanda ya rage kuma yana ganin kansa wanda aka bari a baya, sai ya nemi abin da zai mantar da shi. Tafiyar wasu tana ƙara jefa wasu cikin maye, mayen kuma yana ƙara korar wasu.

To dillalin naka fa? A 2023 ɗalibai Indiyawa kusan 700 suka fuskanci kora daga Kanada saboda takardun shiga makaranta na bogi da dillali ya haɗa musu, wasu ba su ma sani ba sai bayan shekaru. A farkon 2024 Kanada ta rage yawan bizar ɗalibai. Masu bin ɓarauniyar hanya da suke kira dunki, ta dajin Panama zuwa Amurka, wasunsu sun biya rupi miliyan 4 ko fiye. Ranar 5 ga Fabrairu 2025 jirgin sojan Amurka ya sauke Indiyawa 104 a Amritsar, da ankwa a hannu da mari a ƙafa. Waɗannan 'yan ƙasa ne, da dangi da 'yan siyasa a bayansu. Kai baƙo ne, baƙar fata, ɗan Nijeriya. In abu ya ɓaci, wa zai tsaya maka?

Saboda haka ban yarda ba. Kada ka ba kowa fasfonka, ko na awa ɗaya ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kada ka riƙe wa kowa ƙunshi ko ka bari a yi amfani da adireshinka ko asusunka na banki, ko da ɗan gida ne yana yi maka Hausa. Ka riga ka ga yadda ake kallon ɗan Afirka a can a kan maganar ƙwaya, laifin kaɗan ya shafa wa kowa, kuma dokarsu a kan wannan tana da tsanani, samun beli ma wuya gare shi.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne karatun naka na haɗa magunguna. Ba hodar kan iyaka kaɗai ke cin Punjab ba, har da ƙwayoyin kemis da ake sayarwa ta bayan fage. Mu ma a Kano mun ɗanɗana: sai da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, bayan ya shiga har ɗakunan matan aure, kuma tiramol ɗin da ke haukata samarinmu mafi yawansa daga Indiya yake zuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Watarana wani zai zo maka da maganar turo kaya gida, ya lissafa maka riba. Ka tashi daga wurin. Kai ma kada ka sha komai don raba dare lokacin jarrabawa, da haka da yawa suka fara.

Ban ce ka guji mutanen ba. Akwai samarin Sikh da suka tsaya a gonarsu da karatunsu, akwai iyaye mata da ke fitowa su tare masu sayar da hoda a ƙauyukansu. Irin waɗannan za ka nema ka yi abota da su. In abokinka ya kamu, kada ka yi masa dariya kuma kada ka ba shi rance, ka raka shi asibitin gwamnati, suna da wuraren da ake ba su magani. Ka tsare sallarka a kan lokaci, ka riƙa zuwa Juma'a ko da nisa.

Ka gama karatunka ka dawo. In bayan haka kana son ƙaro ilimi a wata ƙasa, za mu zauna da kawunka mu nema ta hanyar makaranta kai tsaye, da sunanka na gaskiya da takardunka na gaskiya. Ka duba ranar ƙarewar bizarka ka turo mini hotonta a wannan makon. Kuɗin haya zai iso ƙarshen wata in sha Allahu. Ka kira mahaifiyarka ranar Juma'a, tun da ta ji maganar Kanada hankalinta bai kwanta ba.

Allah Ya tsare ka, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.