Godiya ga ma'aikatan sashen kemo da suka kula da mahaifinmu

Assalamu alaikum.

Na daɗe ina son in gode wa ma'aikatan sashen maganin ciwon daji na asibitin da mahaifinmu ya yi jinya, musamman wata nas da ba zan faɗi sunanta ba, don na san ba za ta so ba.

Ciwon daji aka samu a huhun Baba na dama. Huhun dama ɓangare uku ne. Guda ɗaya aka cire wa Baba, likitan tiyata kuma ya ce ƙarin ya fita gaba ɗaya. Muna cikin murna sai sakamakon gwaji ya nuna cutar ta taɓa kaluluwar da ke kusa, aka ce sai an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji. Baba ya ce atafau. "An ce an cire, to me kuma za a kashe?"

Inda aka fara tura mu ba wanda ya amsa masa wannan tambaya. Wuni muka yi a kan benci, da tsoho mai sabon ɗinki a haƙarƙari. Da muka shiga, likitan ko ɗago kai bai yi ba, takarda kawai ya turo ya ce a sa hannu. Na buɗe baki zan yi tambaya, aka ce in ba mu shirya ba akwai masu jira. Baba ya fito yana rantsuwa ba zai ƙara taka asibiti ba. Da ƙyar da lallashi muka kawo shi wurinku.

Ni dai na zo a shirye da wani wulaƙancin. Sai ga wannan baiwar Allah ta jawo kujera ta zauna daidai da shi. "Baba, sannu da jiki. Me ke ba ka tsoro?" Ta bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, sannan ta ce wuƙa abin da ido ya gani take cirewa, amma ƙwayoyin da suka ɓalle suka bi jini ko hoto ba ya nuna su, su ake bi da magani. Likitar sashen ma ba ta yi masa romon baka ba. Ta ce a cikin mutum 100 masu irin larurarsa, kemo kan ƙara kamar mutum 5 a kan waɗanda ke cika shekara 5 da rai bayan tiyata. Na ɗauka wannan zai kore shi. Sai ya yi shiru, can ya ce, "Yauwa, yanzu aka yi magana."

Zagaye 4 aka yi, kowane mako 3, da magunguna biyu, cisplatin da vinorelbine. Gwajin jini kafin kowanne, ƙarin ruwa mai yawa saboda ƙoda, maganin amai, duk a kan lokaci. Abin da ba na mantawa shi ne yadda Sista take tsayawa a kansa in za a sa vinorelbine, idonta a kan bayan hannunsa, tana tambaya ko yana jin zafi, don maganin yana ƙona nama in ya kauce jijiya. Ita ta rubuta mana da manyan baƙaƙe cewa zafin jiki in ya kai digiri 38, ko tsakar dare ne, mu taho. Ita ce kuma ta lura yana karkata kai in ana magana, ta matsa har ya faɗi cewa kunnensa na ƙara. Saboda haka aka sauya masa cisplatin ɗin da wani magani mai suna carboplatin a zagayen ƙarshe.

Duk bayanin nan na farko bai ci minti 20 ba. Shi ya sa har yau nake jin haushin wancan wurin. A wurare da yawa majinyaci lambar kati ne kawai, in ya yi tambaya a ce ya cika surutu, in ya gudu a ce jahilci ne. Mutum nawa suka bar magani a tsakiya don ba a gaya musu abin da ake zuba musu a jiki ba?

Baba na gaishe ki, Sista. Ya ce in gaya miki gashin ya fara tsirowa. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyaye.

Babbar 'yarsa