Sanarwa: Zaman Koyon Natsuwa Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa.

In Allah ya kai mu Asabar bayan la'asar, za mu fara zaman koyon natsuwa, minti 20 kacal. Mutum zai zauna, ya kife waya, ya shaƙi numfashi yana ƙirga huɗu, ya sauke a hankali har shida. Tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya.

Tunani zai zille zuwa cefane ko kuɗin makaranta. Ku lura, ku dawo da shi kan numfashi ba tare da tsangwamar kai ba. Dawowar nan ita ce horon.

Tun a 1979 aka fara koyar da marasa lafiya irin wannan a Jami'ar Masacuset ta Amurka. Ni kam ko a cikin adaidaita sahu nakan yi, kuma yana kwantar min da hankali.

Don Allah kowa ya taho da tabarmarsa.