Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan karatun Davenport

Assalamu alaikum 'yata. Da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Kin ce an ba ku aiki a kan Frederick Davenport, marubuci kuma ɗan siyasar Amurka, kuma ranki ya ɓaci har kina son ajiye littafinsa. Ina roƙonki ki daure ki kai ƙarshensa.

Ɓacin ranki yana kan hanya. A littafin da ya fitar a 1905, Primitive Traits in Religious Revivals, ya yi wa baƙar fatar Amurka da 'yan asalin ƙasar kallon mutanen da hankalinsu bai gama nuna ba. Wannan raini ne, ki rubuta shi ƙarara a takardarki, kada ki sassauta masa don wai zamaninsa ne. W. E. B. Du Bois, marubuci baƙar fata na Amurka, shi ma a zamanin yake, ya kuwa yi rubutu a kan ibadar baƙar fata cikin girmamawa tun 1903.

Amma ki duba abin da ya hango. Shi kansa ya yi limanci a cocin Methodist, don haka ba maƙiyin addini ba ne. Ya bibiyi tarukan farfaɗo da addini na Kentucky, inda dubban mutane suka hallara a Cane Ridge a 1801, wasu na faɗuwa, wasu jikinsu na karkarwa, ya kuma duba na Ulster, a arewacin Ireland, na 1859. Tambayarsa ita ce: idan mai wa'azi ya cika zukata da tsoro a cikin cunkoso, kowa yana kwaikwayon na kusa da shi, me zai saura bayan an watse? Shi ya fi yarda da tuban da aka gina a kan ilimi da natsuwa. Wannan tambayar ba ta tsufa ba, 'yata. Ki riƙe ta duk inda kika ga taro ya ɗauki zafi, na wa'azi ne ko na siyasa.

Daga baya kuma ya shiga siyasa da batun haraji. Ya zama sanata a majalisar jihar New York, ya shugabanci kwamitin haraji, a 1919 kuwa jihar ta kafa dokar harajin kuɗin shiga. Lokacin aƙidar gurguzu tana da kasuwa, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 1912 ɗan takarar 'yan gurguzu, Eugene Debs, ya samu ƙuri'u kusan 900,000. Davenport bai bi su ba, ya bi tafiyar tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ta masu neman gyara ta hanyar doka. Ki auna da kanki ko irin wannan gyaran ya ishi talaka, kada ki ari bakin malaminki ko nawa.

Idan kin gama rubutun, ki aiko mini in karanta kafin ki miƙa. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani.

Mahaifinki